Baƙi, Gyare-gyare da Zumunci a Rayuwar Ɗan Mishan: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa suna yawan fitowa daga bakin matasan da ke shirin shiga aikin mishan, da dattawan ikilisiyoyin da ke aika su, da kuma masu aikin sa kai da ke son kai ziyara. Na amsa su gwargwadon abin da zama a gidan mishan ya koya mini, inda ɗakin baƙi da ɗakin janareto da ƙofar maƙwabci sukan kira mutum ɗaya a lokaci guda.

Mutumin da aka aika domin bishara, me ya haɗa shi da gyaran famfo da shimfiɗar baƙi?

Zama ne ya haɗa shi da su. Mai wa'azin da ya zo ya kwana uku ya wuce ba ruwansa da rufin da ke yoyo, amma wanda ya zo ya zauna shekaru tare da iyalinsa, a wurin da mai gyara yake da nisa, ya zama maigida ke nan, kuma maigida ake tasa da tsakar dare idan ruwa ya ɗauke. Takardar aikinsa tana iya cewa malami ne ko likita ko mai fassara, duk da haka a mako guda zai ɗauko baƙi daga filin jirgin sama, ya kwance famfon rijiyar burtsatse, ya je gaisuwar rasuwa gida biyu, sannan ya zauna da daddare yana neman inda zai cusa aikin da aka aiko shi ya yi.

Abin da ya sa rabon lokacin ke da wuya shi ne, abubuwan nan uku ba su kira da murya iri ɗaya. Baƙi suna da ranar zuwa da ranar komawa, kuma sun biya kuɗin jirgi, don haka ba a iya ɗaga su. Inji idan ya tsaya, duk gidan zai sani nan take. Maƙwabci kuwa ba ya aiko da takarda. Idan ba a je masa ba, ba zai ce uffan ba, sai dai ya ajiye abin a ransa. Shi ya sa zumunci ne ake fara yankewa idan lokaci ya ƙure, alhali shi ne mafi wuyar ɗinkewa daga baya.

Wannan matsala ta zamani ce, ko magabata ma sun sha fama da ita?

Ta daɗe ƙwarai. Manzo Bulus ya zauna a Korinti tare da Akila da Bilkisu yana ɗinkin tanti, kamar yadda babi na 18 na Ayyukan Manzanni ya nuna. 'Yan mishan biyu na farko da 'yan ikilisiyar Moraviya suka aika tsibirin Sen Tomas na yankin Karibiyan a 1732, wato Leonard Dober da David Nitschmann, ɗaya maginin tukwane ne, ɗayan kafinta. Alexander Mackay, ɗan ƙasar Sikotilan da ya isa masarautar Buganda, a ƙasar Yuganda ta yau, a 1878, injiniya ne, kuma gyaran kwalekwale da ƙira da buga littattafai sun ci wani babban kaso na shekarunsa a can. Albert Schweitzer ya fara duba marasa lafiya a Lambarene ta ƙasar Gabon a 1913 a cikin tsohon akurkin kaji, kuma da ya komo a 1924 ya tarar gine-ginen sun lalace, sai ya raba yininsa tsakanin asibiti da kula da magina. Ba wanda ya karanta tarihin waɗannan mutane zai ce guduma ta hana su aikinsu. Ta hanyarta ce ma jama'a da yawa suka fara saninsu.

Abin da yake sabo shi ne yawan baƙi. A zamanin jirgin ruwa, wanda ya zo ya zo ke nan, sai bayan shekaru ya ga gida.

To, su wane ne masu aikin sa kai, kuma yaushe suka fara yawaita?

Mutane ne da ke ɗaukar hutu daga aiki ko makaranta su zo na mako ɗaya ko biyu, wani lokaci 'yan watanni, da kuɗin aljihunsu ko na ikilisiyarsu. Cikinsu akwai ɗalibai, likitoci, magina, da waɗanda suka yi ritaya. Sauƙin tafiya ta jirgin sama daga ƙarshen shekarun 1950 ne ya buɗe ƙofar. George Verwer ya fara zuwa Meziko da abokansa a lokacin hutun makaranta a 1957, abin da ya haifi ƙungiyar Operation Mobilisation, sannan Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission a 1960. Tun daga nan ziyarar gajeren lokaci ta zama al'adar ikilisiyoyi da yawa, har ta kai wasu gidajen mishan suna ganin tawaga tana fita wata tana shigowa.

Tunda taimako suka zo yi, ta yaya za su zama nauyi?

Ba mugun nufi ne ke sa su zama nauyi ba, baƙunta ce. Baƙo ko da idonsa makaho ne. Bai san harshen ba, bai san hanya ba, cikinsa bai saba da ruwan wurin ba, kuma bai san abin da ake faɗa da abin da ake haɗiyewa ba. Saboda haka kowace awa da ya yi yana aiki, akwai wani a gefensa da ya bar nasa aikin yana masa tafinta ko jagora.

A ɗauki tawagar mutum goma da za su yi kwana goma. Abinci sau uku a rana ya zama kwano 300 ke nan, ban da ruwan sha da za a tafasa ko a tace, da wankin zannuwan gado, da jigilar mota, da wasiƙun da aka yi ta musaya watanni kafin su taso. Tankin da yake isar iyali guda na kwana huɗu zai ƙare a yini ɗaya, domin mutumin da ya saba da ruwan da ba ya yankewa yana wanka ne da wannan sabon. Mafi yawan wannan wahala kan faɗa a wuyan uwargida da masu aikin ɗakin girki, waɗanda sunansu bai cika fitowa a rahoton da tawagar ke kai wa ikilisiyarta ba.

Duk da haka ba zan ce a daina karɓarsu ba. Likitan ido da ya zo da kayan aikinsa yana iya yin abin da gidan mishan ba zai iya ba cikin shekara, kuma 'yan mishan da yawa na dindindin sun fara ne da irin wannan ziyara. Ga kuma daɗin samun wanda za a yi hira da shi, ga wanda ya daɗe nesa da danginsa.

Ƙayyade yawan baƙi ko kwanakinsu bai saɓa wa karamcin da Littafi Mai Tsarki ya umarta ba?

Bai saɓa ba. Gaskiya ne wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta gargaɗi masu bi kada su manta da karɓar baƙi, amma ikilisiyar farko da ta karɓi wannan umarni ita ce kuma ta sa masa iyaka. Wani daɗaɗɗen rubutu na Kirista da ake kira Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya ce matafiyi kada ya wuce kwana biyu ko uku, idan kuma yana son zama kuma yana da sana'a, to ya yi aiki ya ci. A ƙarni na shida, ƙa'idar da Benedikt, wani shugaban sufaye a Italiya, ya rubuta musu ta ce a karɓi kowane baƙo kamar Almasihu ne da kansa, sai kuma a wannan babi, wato na 53, ta ba da umarnin a ware wa baƙi ɗakin girkinsu dabam, a kuma sa wani ɗan'uwa takamaimai ya kula da masaukinsu, don kada zuwansu a kowane lokaci ya dagula zaman sauran.

Hikimar a bayyane take. Gidan da ya karɓi tawaga huɗu a shekara da sakin fuska ya fi wanda ya karɓi goma sha biyu da gajiya da ƙunƙuni, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Yana da kyau a fitar da watannin da ƙofa take buɗe da waɗanda take rufe tun farkon shekara, a bar aƙalla mako guda tsakanin tawaga da tawaga, a kuma sanar da kowa a rubuce, saboda "a'a" da aka faɗa wata shida kafin lokaci ba ta yi wa kowa ciwo.

Me ya kamata baƙo ya sani tun kafin ya taso?

Maganar lafiya ce a gaba. Wasu ƙasashe ba su barin mutum ya shiga sai da katin rigakafin cutar shawara, katin kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ko da yake tun 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar rayuwa. Inda akwai zazzaɓin cizon sauro, sai ya ga likitansa kan maganin kariya, ya kuma san cewa alamun cutar ba su bayyana sai bayan kwana bakwai ko fiye da cizon, don haka yana iya komawa gida lafiya lau zazzaɓin ya kama shi a can. Wanda yake shan magani kullum ya zo da abin da zai ishe shi har da ƙari.

Sai maganar wuta. Amurka da Kanada suna amfani da volt 120, yayin da Turai da galibin Afirka da Asiya suke kan 220 zuwa 240. Injin huda katako da aka ɗauko daga can aka soka a bango a nan zai yi ƙara sau ɗaya, ya yi hayaƙi, ya mutu. A kuma gaya masa tufafin da mutanen wurin ke ganin mutunci ne, da cewa ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa, da cewa kada ya yi wa kowa alkawarin kuɗi ko karatu ko biza. Baƙo raɓa ne. Alkawarin da ya yi da maraicen ƙarshe cikin tausayi, ɗan mishan ne za a riƙa tare wa a hanya shekara biyu ana tambaya.

Wane irin aiki ya dace a ba su?

Aikin da mutanen wurin suka ce suna buƙata, wanda kuma ba zai ƙwace abincin wani mai sana'a na gari ba. Idan akwai masu fenti a unguwa da ke neman aiki, babu ma'ana a kawo mutum goma daga wata nahiya su shafa fenti, sai dai idan za su yi aikin a ƙarƙashin waɗannan masu fentin, ana kuma biyan su ladansu. Abin da ya fi amfani shi ne gwanintar da babu ita a kusa, musamman idan mai ita ya yarda ya koyar maimakon ya yi shi kaɗai.

Na koyi wani darasi a kan wannan da tsada. Wata tawaga ta taɓa haɗa mana bututun ruwa daga tanki zuwa ɗakin shan magani, aiki mai kyan gani, da kayan da suka zo da su a akwatunansu. Bayan wata takwas wani mahaɗi ya tsage. Na cire shi na sa a aljihu na zaga duk masu sayar da kayan famfo da na sani, kowa ya juya shi a hannu ya girgiza kai, domin awon inci ne, kayan wurinmu kuma na milimita ne. Mako uku ma'aikatan jinya suna ɗaukar ruwa da bokiti kafin muka haƙura muka cire layin gaba ɗaya muka sake da kayan gida. Laifin nawa ne, ni da ban tambaya ba. Tun daga ranar ba a kafa wani abu a gidan sai mai gyaran famfonmu ya duba ya ce yana iya samun irinsa.

Aiki da yara yana da tasa ƙa'idar: a binciki tarihin mutum kafin ya zo, kada kuma a bar baƙo shi kaɗai da yaro. Yaran da suka rasa iyaye ba su amfana da fuskokin da ke rungumarsu yau su ɓace mako mai zuwa.

A ɓangaren gyare-gyare, me ake sa wa a gaba?

Ruwa, sai wuta, sai rufi, sai mota. Kusan duk abin da ke lalacewa a cikin waɗannan yana ba da sanarwa tun da wuri ga wanda yake dubawa. Janareto ba a lissafa masa kwanaki, awoyin aiki ake lissafawa. Masu ƙera injinan dizal da yawa suna cewa a canja baƙin mai da filta bayan awa 250, wanda ga injin da ke aiki awa shida a rana bai wuce mako shida ba. Littafi da biro a rataye kusa da injin, ana rubuta lokacin tayarwa da na kashewa, sun fi ƙwaƙwalwar kowa. Kada a taɓa tayar da shi a rufaffen ɗaki ko kusa da tagar ɗakin kwana, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Baturan sola masu ruwa ba su son a zuƙe su fiye da rabi, kuma idan ruwansu ya ja baya, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba. Ƙurar da ta kwanta a kan farantan sola tana rage wutar da suke bayarwa, tsumma da ruwa da sassafe kuwa sun wadatar. Famfon burtsatse idan ya yi ta juyawa babu ruwa zai ƙone. Rufi da indararo ana duba su kafin ruwan sama ya sauka, ba bayan silin ya jiƙe ba, a kuma bi jikin katako a ga ko gara ta fara gininta.

Shawarar da na fi bayarwa ita ce a keɓe rabin yini guda a kowane mako domin wannan zagaye, ko da babu abin da ya lalace, kuma kada a bari zuwan baƙi ya cinye shi. Lokacin da gida ya cika ne inji ya fi shan wahala, kuma a lokacin ne aka fi mantawa da shi.

Ɗan mishan ya yi gyaran da hannunsa, ko ya kira masu sana'a?

Ya san abin da zai hana a cuce shi, ya kuma iya tsayar da ɓarna kafin mai gyara ya iso. Bayan wannan, gara ya bar wa masu abin abinsu. Akwai wani jarabi a nan da ba a cika faɗa ba: gyara yana da daɗi, domin noti idan aka ɗaure shi ya ɗauru, ana ganin sakamako kafin faɗuwar rana, alhali koyon harshe da renon almajirai sukan ɗauki shekaru ba a ga komai ba. Mutum yana iya ɓuya a ƙarƙashin mota yana gudun aikin da ya fi wuya, yana kuma ganin kansa mai himma. Manzanni sun fuskanci irin wannan a babi na 6 na Ayyukan Manzanni, inda suka sa aka zaɓi mutum bakwai su kula da rabon abinci, don kada su da kansu su bar addu'a da koyarwa. Horar da mutum ɗaya ko biyu na wurin, a biya su yadda ya kamata, a kuma danƙa musu mabuɗin sito, yana nufin gidan zai ci gaba da aiki ranar da ɗan mishan ya tafi hutu ko ya tafi gaba ɗaya.

Halartar biki da jana'iza da dubiya, aiki ne ko ɓata lokaci?

Aiki ne, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan sauran. Mutane ba su auna baƙon da ya zauna a cikinsu da yawan ajin da ya koyar. Suna auna shi da ko an gan shi ranar da suka yi rashi. Zumunci a ƙafa yake, kuma saƙon waya ba ya maye gurbin zuwa.

Wata rana mahaifiyar wani maƙwabcinmu ta rasu da asuba, ni kuwa ina da tawagar da za ta sauka da tsakar rana, tafiyar awa huɗu daga gida. Na wuce ta ƙofar gidan da mota, na ga mutane zazzaune, na ce a raina zan shigo idan na dawo. Na dawo da dare da baƙi, washegari aka shiga zaga gari da su, sai a rana ta biyar na je. Maƙwabcin ya karɓe ni da mutunci, bai nuna komai ba. Da na fito ne wani dattijon ikilisiya ya raka ni 'yan taku, ya ce, "Malam, ranar nan mun ga wucewar motarka." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Minti goma da na tsaya a ranar ba za su sa jirgi ya koma da baƙina ba, amma sai da aka yi kusan shekara kafin maƙwabcin ya sake shigowa gidanmu ya zauna kamar da.

Idan ukun suka haɗu a rana ɗaya fa?

A tambayi wanne ne ba ya maimaituwa, kuma wanne ne wani zai iya yi a madadin mutum. Jana'iza sau ɗaya ake yi, kuma ba a aika wakili inda fuskar mutum ake nema. Baƙi ana iya tura direba amintacce ya ɗauko su da takardar ban haƙuri, famfo kuma yana iya jira har yamma idan akwai ruwa a randa. Abin da ke gaban wannan duka shi ne haɗari ga rai, kamar wayar wuta da ta tsinke ko firijin allurai da ya tsaya. Sau da yawa ma babu buƙatar zaɓi, domin ana iya tafiya gaisuwar da baƙi biyu ko uku, bayan an koya musu kalmomin da za su faɗa da yadda za su zauna. Abin da za su gani a wannan awa guda ya fi abin da za a gaya musu a laccar kwana uku. Ba kowace gayyata ce dole ba, kuma dattijon wurin ne zai iya nuna wadda rashin zuwanta laifi ne da wadda aika gaisuwa ya wadatar.

Ina iyali da hutu suke a cikin wannan lissafi?

Su ne suke biyan bashin da sauran suka ci. 'Ya'yan da ake tasa daga ɗakinsu duk wata domin baƙi, ko suke cin abinci kullum da mutanen da ba su sani ba, suna girma da jin cewa gidansu tasha ce. Wani bincike da hukumar mishan ta World Evangelical Fellowship ta gudanar a ƙasashe 14 a shekarun 1990 ya gano cewa kusan ɗan mishan 1 cikin 20 yana barin aiki a kowace shekara, kuma kashi 71 cikin 100 na masu barin sun tafi ne saboda dalilan da za a iya magancewa. A cikin Markus 6:31 Yesu ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa su huta, domin masu zuwa da tafiya sun yi yawa har ba su samun damar cin abinci. Masaukin baƙi mai ƙofarsa dabam, da abincin dare na iyali kaɗai sau biyu ko uku a mako, da yini guda da ba a taɓawa, ba su rage wa baƙo komai, matuƙar an gaya masa tun ranar da ya iso.

Me ya sa kuɗin gyara ke wuyar samu fiye da kuɗin sabon gini?

Domin sabon gini yana da hoto da ranar buɗewa, canjin baƙin mai kuwa ba shi da su. Masu ba da tallafi ba su ƙi ba. Ba a saba nuna musu ba ne. Ya kamata duk aikin da za a kafa a rubuta kuɗin kula da shi na shekaru masu zuwa a cikin kasafinsa tun farko, a kuma roƙi kowace tawaga ta biya kuɗin abincinta da man motarta da ɗan ƙari domin abin da zamanta zai cinye na ruwa da wuta da katifu. A wasiƙar da ake aika wa masu tallafi, a rubuta makon da aka yi ana haƙar bututu da kwanakin da aka yi a gidajen makoki kamar yadda ake rubuta adadin waɗanda suka halarci aji, tare da sunan aikin da aka ɗage saboda su da ranar da ake sa ran komawa kansa.